Shin yaron da ya fara shaƙar inhela ba ya iya dainawa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ɗana yana da shekara 9, kuma tun yana ɗan shekara 4 yake fama da asma, musamman idan hunturu ya shigo. Duk sanda ta tashi kemis muke kai shi, a yi masa allura a ba shi ruwan Ventolin. Kwanan nan aka kwantar da shi a asibiti, aka sallame mu da inhela biyu, shuɗiya da mai ruwan ƙasa, aka ce ya riƙa shaƙar mai ruwan ƙasar kullum safe da yamma. Kakarsa ta hana, ta ce wanda ya fara inhela ya shiga kenan, kuma tana raunana zuciya. Yanzu lafiyarsa ƙalau. Me zai sa ya sha magani alhali babu abin da ke damunsa? Kuma akwai maganin da zai raba shi da ita gaba ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara wa yaro lafiya, ya saka wa Hajiya da alheri, domin ƙaunar jikanta ce ta sa ta tsorata. Amma ba zan ɓoye miki ba, ki fara ba shi mai ruwan ƙasar nan tun yau, kamar yadda aka rubuta muku. Yaron da asma ta taɓa kwantar da shi a asibiti yana cikin waɗanda muka fi jin tsoron ta sake kama su da ƙarfi, kuma inhelar da aka ajiye a durowa ita ce kariyarsa.

Abin da kike gani ranar da ciwon ya tashi, wato tarin dare, da kukan ƙirji, da numfashi sama-sama, ƙarshen al'amarin ne. Asalin cutar kumburi ne a cikin ƙananan hanyoyin iska na huhu. Fatar cikinsu tana kumbura, tana zubar da majina mai kauri, ta kuma zama mai saurin fusata. Da ƙura ko hayaƙi ko mura ta taɓa ta, sai tsokar da ta kewaye hanyar ta matse, iska ta rasa wurin wucewa, musamman wajen fita. Wannan kumburin ba ya tafiya don yaro ya tashi yana wasa. Kamar garwashi ne da toka ta rufe: ba ki ganin wuta, amma iska kaɗan ta ishe ta ruruwa. Shuɗiyar inhela, wato salbutamol, aikinta ɗaya ne, ta saki tsokar da ta matse. Cikin 'yan mintoci yaro zai ji sauƙi, aikinta ya kai kamar awa 4, daga nan ta tafi ta bar kumburin yadda ta same shi. Mai ruwan ƙasar, wadda galibi beclometasone ce ko budesonide, ita ce take kwantar da kumburin kansa. Ba a jin aikinta nan take, shi ya sa iyaye da yawa suke cewa ba ta yin komai su watsar. Sai an yi mako ɗaya zuwa biyu ake fara ganin bambanci, cikakken amfaninta kuwa sai bayan wata biyu ko uku.

Maganar Hajiya ba ta taso daga banza ba, akwai abin da ta gani. Ta ga mutanen da suke yawo da shuɗiyar inhela a aljihu shekara da shekaru, kullum buƙatarsu gare ta tana ƙaruwa. Wannan gaskiya ne, kuma likitoci ma sun gani. Sai dai ba jaraba ce ta kama su ba irin ta taba ko kodin. Abin da ya faru shi ne sun dogara da mai buɗe hanya kaɗai, kumburin yana ta ci a ciki babu mai taɓa shi, kuma yawan shaƙar salbutamol ita kaɗai yana rage mata kaifi a jiki. Bincike ya nuna cewa wanda yake ƙarar da gwangwani uku ko fiye na shuɗiyar a shekara ya fi shiga haɗarin tashin ciwo mai tsanani, wanda kuma yake ƙarar da ɗaya duk wata rayuwarsa ce take cikin haɗari. Saboda haka ne ma a 2019 GINA, ƙungiyar masanan da ke fitar da ƙa'idojin kula da asma a duniya, ta daina amincewa a bar manya da matasa a kan shuɗiyar kaɗai. To kin ga abin da Hajiya take gudu, hanyar kauce masa ita ce dai inhelar da ta hana. Yaron da yake shaƙar mai ruwan ƙasa yadda ya kamata zai iya yin watanni bai nemi shuɗiyar ba.

Batun zuciya kuwa, mu yi lissafi tare. Feshi ɗaya na shuɗiyar inhela maikirogiram 100 ne. Cokali ɗaya na ruwan salbutamol, wato ruwan Ventolin ɗin da ake ba shi a kemis, mililita 5, yana ɗauke da miligiram 2, wato maikirogiram 2,000, daidai da feshi 20 kenan. Ƙwayar miligiram 4 kuwa daidai take da feshi 40. Maganin sha sai ya bi ciki ya shiga jini ya zagaya ko'ina kafin ya isa huhu, shi ya sa ya fi jinkiri, ya kuma fi sa bugun zuciya da rawar hannu. Maganin shaƙa kuwa kai tsaye yake zuwa inda ciwon yake. Mutanenmu sun ɗauka ruwan magani ne mai sauƙi, inhela ce ta ƙarshe da ake ba wanda ciwonsa ya gagara. Akasin haka ne. Idan ya shaƙi shuɗiyar da yawa lokacin tashin ciwo zai iya jin zuciyarsa tana sauri na ɗan lokaci, ya wuce, ba ya barin wata illa.

Allurar kemis ce ta fi damuna a duk labarinki. Yawanci ɗaya ce cikin biyu. Ko dai aminophylline, wadda tsakanin adadin da ke magani da adadin da ke cutarwa tazara kaɗan ce ƙwarai, tana iya jawo amai da rikicewar bugun zuciya har da jijjiga, kuma ko a asibiti ba da ita ake farawa ba. Ko kuma dangin sitiroyid, wato magungunan da ke kwantar da kumburi, irin su dexamethasone da hydrocortisone. Waɗannan suna aiki, kuma mu ma muna ba da prednisolone na kwana 3 zuwa 5 idan ciwon yaro ya tashi da ƙarfi, gwargwadon nauyinsa. Amma idan aka mayar da su abin sha duk wata, sai fuska ta cika, tsawo ya tsaya, ƙashi ya yi rauni, sukari da hawan jini su leƙo. Na san za ki ce ai an gaya miki mai ruwan ƙasar ma sitiroyid ce. Haka ne, amma adadinta ƙanƙani ne, kuma ta hanyar shaƙa take isa huhu inda ake buƙatarta. Illolinta da aka sani su ne dashewar murya da farin ƙuraje a baki, kuma ana kauce musu idan ya kurkure baki ya zubar bayan kowace shaƙa. Akwai kuma ɗan tasiri a kan tsawo, kimanin santimita 1 a binciken da aka bi yara har suka girma. Ban raina santimita ɗaya ba, amma asmar da ba a kula da ita ba, da allurai a kai a kai, sun fi haka tauye yaro. Maganin tari da na ƙwayoyin cuta irin su amoxicillin da ake haɗo muku ba sa taɓa asma. Duk wani magani mai sa barci kuma, kada a ba shi yana cikin sarƙewar numfashi.

Yanzu ga wurin da aka fi yin asara, wato yadda ake shaƙar. Yara da yawa da ake kawo mini a kan inhela ba ta yi musu aiki, da na ce a nuna mini yadda ake yi, sai in ga maganin a kan harshe yake ƙarewa. Daidaita dannawa da jan numfashi yana da wuya ko ga babba. Don haka ake son sifesa, wani ɗan bututu mai faɗi da ake sa inhelar a gefe ɗaya, yaro ya sa baki a ɗaya gefen. Idan ba ku samu ba ko ta yi tsada, gorar ruwa ko ta lemo mai cin mililita 500 tana yi. Ba dabarar ƙauye ba ce: a 1999 likitocin yara a Cape Town ta Afirka ta Kudu sun gwada ta a kan yara masu tashin asma, suka tarar tana aiki kamar ta kanti. A huda gindin gorar daidai girman bakin inhelar yadda zai shiga ya matse babu inda iska ke zurarewa. A wanke ta da ruwan sabulun wanke-wanke, a bar ta ta bushe da kanta ba tare da an goge cikinta da tsumma ba, domin gogewar tana sa maganin ya manne a jikin robar. Ki girgiza inhelar, ki sa ta a hudar, yaro ya zauna a miƙe ya rufe leɓɓansa a bakin gorar. Ki danna sau ɗaya, ya ja numfashi ya fitar a hankali sau 5 a cikin gorar. Idan feshi biyu aka rubuta, ki sake girgizawa ki yi na biyu daban. Kada a danna biyu a haɗe. Ki tsaya a kansa ki gani da idonki, domin ɗan shekara 9 zai ce ya sha alhali hankalinsa yana wajen ƙwallo. Ki haɗa lokacin da abin da ba a mantawa, kamar bayan sallar asuba da bayan isha'i.

Ki riƙa duba sunan da ke jikin gwangwanin, kada ki dogara da launi kaɗai, domin kamfanoni suna bambanta. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kada kuma a bar shi a rana ko cikin mota mai zafi. Gwangwanin da maganinsa ya ƙare yakan ci gaba da fesa iska, don haka girgizawa ba ta nuna gaskiya. Idan mai feshi 200 ne kuma yana shan biyu safe biyu yamma, kwana 50 zai yi, sai ki rubuta ranar da aka buɗe a jikin kwalin. Na san kuɗi matsala ne. Bayan da kamfanin GSK, mai yin Ventolin, ya sanar da rufe harkarsa ta kai tsaye a Najeriya a 2023, farashin inhelarsa ya yi tashin gwauron zabo. Ki tambayi mai kantin magani mai rajista ya nuna miki salbutamol da beclometasone na wasu kamfanonin, maganin ɗaya ne. Idan kuma maigidan yana cikin inshorar lafiya ta tarayya ko ta jiha, a tabbatar sunan yaron yana ciki.

Ko da ana shan na kullum, ciwon zai iya tashi, galibi bayan mura. Ya kamata duk babban da ke gidan ya san abin yi, har da Hajiya. A zaunar da shi, kada a kwantar da shi, a kwantar masa da hankali, a kore taron da ke kansa. A ba shi shuɗiyar ta cikin gora, feshi ɗaya-ɗaya, daga 4, a ƙara har zuwa 10 idan bai sake ba. Idan bayan 10 ɗin bai samu sauƙi ba, ko ya samu amma kafin awa 4 ya dawo, asibiti za a nufa, ana maimaita masa duk minti 20 a hanya. Akwai alamun da ba a jiran komai a kansu: ya kasa haɗa magana sai kalma ɗaya-ɗaya, ya kasa shan ruwa, tsakanin haƙarƙarinsa da ramin wuyansa suna lotsawa, leɓɓansa ko harshensa sun canza launi, ko ya fara gyangyaɗi da rikicewa. Ki kiyaye wannan musamman: idan kukan ƙirjin ya ɗauke alhali yaron ya ƙara galabaita, ba sauƙi ba ne, iskar ce ta daina wucewa. A kai shi inda akwai iskar oksijin, ko da tsakar dare ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne ke da asma, ta kashe dubu 455, mafi yawansu a ƙasashe irin namu. Abin da ke ci mini rai shi ne akasarin waɗannan rayukan magani mai sauƙi da zuwa asibiti da wuri za su iya tsare su, da yardar Allah.

Kin ambaci hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska tana kwaso ƙura mai laushi daga Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ga sanyi da bushewa, ga mura tana yawo a makarantu. Ba za ki hana hazo sauka ba, amma takunkumi da rigar sanyi da safe suna taimakawa. Abin da yake hannunki shi ne iskar cikin gida, kuma sau da yawa ita ta fi ta waje illa. Turaren wuta yana kan gaba. Na san matsayinsa a ɗakin mace, ba na ce ki daina har abada ba, amma kada a kunna shi a ɗakin da yake kwana, kada kuma a turara kayansa. Haka maganin sauro na hayaƙi da fiya-fiya, gidan sauro ya ishe shi. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki don jin ɗumi haɗari biyu ne, yana tayar da asma, yana kuma iya kashe mai lafiya ma. A nisanta shi da murhun itace da hayaƙin janareta. Idan akwai mai shan taba ko shisha a gidan, wannan dalili ne babba na dainawa. A yayyafa ruwa kafin shara, a yi ta ba ya nan, a riƙa shanya katifa da filo a rana, a yaƙi kyankyasai, a ɗauke tsohon kafet idan da hali. Idan kin lura kyanwa ko kaji ko tattabaru suna tayar masa, a raba su da wurin kwanansa. Idan kun je ƙauye da kaka, kada ya tsaya inda ake sussuka da shiƙa.

Ki je makarantarsa da kanki, ta boko da Islamiyya. Ki roƙi malaminsa a cire shi daga sharar aji da goge allo, a ba shi wani aikin, kuma a bar shuɗiyar da gorarta a jakarsa, ba a kulle a ofis ba. Amma kada ki hana shi wasa. David Beckham da Paul Scholes duka suna da asma, ba ta hana su buga wa Manchester United da Ingila ba. Idan gudu yana sa shi tari, feshi 2 na shuɗiyar minti 10 zuwa 15 kafin wasa ya wadatar, kuma yawan buƙatar haka alama ce ta a sake duba maganinsa na kullum. Abinci ma kada a yi ta haramta masa ayaba da madara da gyaɗa a kan ji-ta-ji-ta, sai wanda kika tabbatar duk sanda ya ci yana jawo masa matsala. A magungunan zazzaɓi paracetamol ya fi kwanciyar hankali. Aspirin ba na yara ba ne, ibuprofen kuma yana tayar wa wasu masu asma kaɗan, sai a kula. Idan yana yawan atishawa da toshewar hanci da ƙaiƙayin ido, ki gaya wa likita, domin maganin hancin yana gyara ƙirjin. Nan gaba idan ya fara azumi, na kullum ɗin ana iya shaƙarsa da sahur da bayan buɗa-baki. Shuɗiyar kuwa idan numfashi ya sarƙe da rana a shaƙa kawai. Malamai sun saɓa a kan hukuncinta, manya irin su Ibn Baz da Ibn Usaimin sun tafi a kan ba ta karya azumi, sai ku tambayi malaminku.

Tambayarki ta ƙarshe, amsarta ita ce har yau babu maganin da aka tabbatar yana tumɓuke asma, na asibiti ko na gargajiya. Yara da yawa, musamman maza, takan lafa musu idan sun balaga, wasu ta tafi shekaru, wasu ta dawo da girma. Wannan lafawar ce masu tallan magani a kasuwa da rediyo suke jingina wa kayansu. Zuma da habbatus sauda ba na hana su, abinci ne masu albarka, amma su tafi tare da inhelar, kada su maye gurbinta. Hayaƙi da sirace da ake rufe yaro da bargo a kansu kuwa, ina roƙonki kada a yi masa. Ki yi hattara da garin magani ko ruwan jarka da ke ba da sauƙi nan take, domin an sha kama irinsu an cakuɗa su da sitiroyid. Asma ba ta yaɗuwa, zai iya cin abinci kwano ɗaya da 'yan'uwansa. Tana dai bin jini a wasu gidajen. Idan kuma wata rana tari ya wuce mako biyu tare da rama da zufan dare da zazzaɓi, kada a ce asmarsa ce, a yi gwajin tarin fuka, kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Shan na kullum ɗin ba lallai ya zama na har abada ba. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta abu huɗu: sau nawa ciwon ya motsa da rana a mako, ko ya tashe shi daga barci, sau nawa ya nemi shuɗiyar, da ko ya hana shi makaranta ko wasa. Idan motsawar ko neman shuɗiyar ya wuce sau biyu a mako, ko yana farkawa da dare, ba a shawo kanta ba tukuna. Likita zai fara duba yadda yake shaƙa da ko ana tsallake kwanaki, kafin ya ƙara adadi ko ya sauya masa zuwa mai haɗe da formoterol ko salmeterol, masu buɗe hanyar iska na tsawon lokaci. A shekarunsa zai iya yin gwajin hura iska da ke auna ƙarfin huhu, ana yi a manyan asibitocin koyarwa. Idan kuwa ya yi wata uku lafiya lau, ana rage adadin a hankali har a kai mafi ƙanƙantar da zai riƙe shi. Likita ne zai rage, ba a gida ba, kuma ni ba na ragewa ana gab da shiga hunturu. Ku koma asibitin da ya sallame ku cikin mako ɗaya ko biyu, ku tafi da inhelar duka biyun da gorar, yaron ya shaƙa a gaban likita a gyara masa. Idan Hajiya za ta yarda ta raka ku, ya fi, ta yi tambayoyinta da bakinta a ba ta amsa.